Yadda Ake Haɗa Hasashe Kan Asalin Bos a Wasan Bidiyo: Misali da Ganondorf

Masu karatu sun sha tambaya: waɗannan da ke fitowa su ce "ga inda mugun wasa kaza ya samo asali", yaya suke haɗa maganar har ta shiga kai? Wasu na ɗauka baiwa ce, wasu na ganin shaci-faɗi ne kawai aka yi wa kwalliya. Gaskiyar ita ce aiki ne mai tsari, kuma wanda ya bi tsarin yakan fito da abin da za a yi muhawara a kai ba tare da an yi masa dariya ba.

Zan yi amfani da Ganondorf, bos ɗin (wato babban mugun) jerin The Legend of Zelda na kamfanin Nintendo, domin tun 1986 ake fafatawa da shi kuma har yau masoya ba su daidaita kan asalinsa ba. Matakan za su yi maka aiki a kan kowane mugu. Amma ka sani tun yanzu, zan tona labarin Ocarina of Time da The Wind Waker da Skyward Sword da Breath of the Wild da Tears of the Kingdom. Wanda bai buga su ba kuma yana da niyya, ya dakata a nan.

1. Ka tsayar da tambaya guda

"Wane ne Ganondorf?" ba tambayar aiki ba ce, ta yi faɗi. Ka matse ta har ta zama wadda za a iya amsawa da e ko a'a. Tamu ita ce: Ganondorf da ya bayyana a Tears of the Kingdom na 2023, shi ne na farko da ya riga na Ocarina of Time, ko kuwa wani ne da ya zo can baya?

Ka rubuta tambayar a saman takarda. Duk abin da ka tsinta wanda bai taɓa ta ba, komai daɗinsa, ka ajiye shi gefe.

Hattara: kada ka fara da amsa. Wanda ya riga ya yanke hukunci a ransa, duk abin da ya gani sai ya zama masa hujja.

2. Kayan aiki da abin da za su ci

Abu uku ne dole: hanyar ganin wasannin, wurin rubutu, da wurin tara hotuna.

Idan kana da Switch, na'urar wasa ta Nintendo, Tears of the Kingdom ya fito a kan dala 69.99, Skyward Sword HD na 2021 kuma dala 59.99. Ocarina of Time yana cikin babban rajistan Nintendo Switch Online mai dala 49.99 a shekara, A Link to the Past kuwa ƙaramin rajista mai dala 19.99 ya isa. Farashin Amurka ke nan, ka duba na yanzu kafin ka lissafa da kuɗin gida. Littafin Hyrule Historia, wanda ya fito a Japan a 2011 sannan da Turanci a 2013, shi ne ya fara fitar da jerin zamunnan wasannin a hukumance, don haka ko aro ne ka nema.

Wanda ba shi da na'ura ba a rufe masa ƙofa ba. A YouTube akwai bidiyon da aka haɗa dukan wuraren da labari ke gudana a kowane wasa, kuɗin data kawai zai ci. Ka nemi wanda babu mai surutu a kai, ka rage ingancin hoto muddin rubutun ƙasa yana karantuwa, ka ɗaga shi kawai a inda kake son ƙure wa wani abu ido. Sai dai irin wannan bidiyo yakan tsallake hirar mutanen gari da rubutun jikin bango, kuma sau da yawa a nan naman yake.

Wurin rubutu kuwa, littafin makaranta mai layi ya wadatar. Ka ja layi huɗu: sunan wasa da shekara, wanda ya yi maganar, abin da ya ce, sai inda aka ji ta.

3. Ka tattaro shaida daga wasan kansa

Nan ne mafi yawan lokacinka zai tafi, kuma nan ne mutane suka fi yin ha'inci. Ka bi wasannin yadda suka fito kasuwa, ba yadda labarin ya jeru ba, domin ka ga abin da marubuta suka fara faɗa da abin da suka ƙaro daga baya.

A wasan 1986, Ganon dodo ne mai kamar alade, babu wani tarihi a bayansa. A Link to the Past na 1991 ne ya ce da can mutum ne, shugaban ɓarayi mai suna Ganondorf, wanda ya kai hannu ga Triforce, wani tsattsarkan abu mai cika burin wanda ya taɓa shi, sannan masu hikima 7 suka kulle shi bayan wani yaƙi. Ocarina of Time na 1998 ya nuna shi da jikinsa na mutum: sarkin Gerudo, ƙabilar hamada da mata ne zalla, sai bayan shekara 100 ake haifar namiji guda, kuma dokarsu ta ce shi ne sarki. Nabooru, ɗaya daga cikin matan Gerudo, ce ta faɗi wannan da bakinta. Tsofaffin mayu biyu, Koume mai wuta da Kotake mai ƙanƙara, su ne suka tsaya masa a matsayin uwa. Ka lura da wani ɗan abu: lokacin da za su mutu sai suka kaure da gardama, ɗaya ta ce shekararta 400, ɗaya ta ce 380, alhali tagwaye ne. An saka shi don ban dariya, amma ka rubuta. Matan da suka kai wannan shekaru sun ga haihuwar namijin Gerudo fiye da sau ɗaya kafin wannan.

The Wind Waker ya ba shi dalili. A ƙarshen wasan ya tsaya yana bayanin cewa ƙasarsa iskar rana tana ƙona ta, ta dare tana daskarar da ita, ko wacce ta kaɗa mutuwa take kawowa, shi kuwa iskar da ke busawa a koren filayen masarautar Hyrule ya yi kwaɗayi. Skyward Sword na 2011 ya kawo Demise, sarkin aljanu, wanda da aka kayar da shi ya yi baki cewa ƙiyayyarsa za ta riƙa dawowa tana bin jinin allahiya da ruhin jarumi, wato gimbiya Zelda da Link, jarumin wasan. Tears of the Kingdom kuma ya nuna wani Ganondorf a zamanin Rauru, wanda aka kira sarkin Hyrule na farko. Ya zo ya yi mubaya'ar ƙarya, ya kashe sarauniya Sonia, ya ƙwace dutsen sirrinta, ya rikiɗe, har Rauru ya ba da ransa ya ɗaure shi a ƙarƙashin ƙasa inda fadar take.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ka ɗauki hotonsa. A Switch, danna maɓallin ɗauka sau ɗaya yana ba ka hoto, riƙe shi kuma yana ajiye daƙiƙa 30 da suka wuce. A waya, ka ɗauki hoton allo ka rubuta mintin da abin ya faru. Ka sa wa kowane hoto suna a take. Bayan mako biyu ba za ka tuna wanne ne wanne ba.

Hattara: kada ka kwafo magana daga ƙwaƙwalwarka, ko daga bakin mai sharhi, ko daga manhajar nan mai amsa tambaya. Dukansu sukan gyara zance ba su sani ba, ta ƙarshen ma takan ƙirƙiro maganar da babu ita a wasan. Zelda Wiki da makamantanta suna da amfani wajen nuna maka inda za ka duba, amma gani ya kori ji.

4. Ka raba shaidun daraja-daraja

Alƙali ba ya haɗa wanda ya gani da ido da wanda ya ji a kasuwa, kai ma haka za ka yi. Ka ɗauki biro mai launi ka yi wa kowane layi alama.

Daraja ta sama ita ce abin da wasan ya nuna maka yana faruwa. Kisan Sonia, alal misali, ka gan shi. Ƙasa da shi akwai abin da wani a cikin wasan ya faɗa, domin mutanen wasa ma sukan yi kuskure, sukan yi ƙarya, sukan maimaita tatsuniyar kakanni. Lokacin da Urbosa, jarumar Gerudo a Breath of the Wild, ta ce an ce annobar Ganon ta taɓa ɗaukar siffar Bagerude, "an ce" ɗin nan yana da nauyi. Jawabin iska na The Wind Waker ma mutum ne ke kare kansa bayan ya tsufa ya rasa komai. Zai yiwu gaskiya ya faɗa, zai yiwu kuma wanke kansa yake yi.

Bayan su sai littattafan kamfani da hirarrakin masu haɗa wasan, kamar Eiji Aonuma da Hidemaro Fujibayashi. Suna da ƙarfi, amma sabon wasa yana iya ture su. A can ƙasa kuma akwai kamanni: gashin Ganondorf da ya koma kamar harshen wuta bayan ya rikiɗe ya yi kama da na Demise. Abin lura ne, amma shi kaɗai ba ya ɗaukar gini.

Hattara: ba duk wasan da ke ɗauke da sunan jerin ne ke cikin labarin asali ba. Hyrule Warriors na 2014 yana da Ganondorf, amma ba ya cikin jerin zamunnan hukuma. Ka tabbatar da matsayin wasa kafin ka jingina da shi.

5. Ka duba abin da na Japan ya ce

Da Japananci aka rubuta wasannin nan, mu kuwa yawancinmu na Turanci muke bugawa. Idan hasashenka ya rataya a kan jimla guda, dole ka binciki asalinta.

Misali biyu sun isa. A ƙarshen Breath of the Wild, na Turanci ya sa Zelda ta ce Ganon ya haƙura da sake dawowa, alhali na Japan yana nuna siffar tasa ta fito ne daga nacin ƙin haƙura da dawowa. Mutane sun gina dogayen hasashe a kan wancan layi kafin a ankarar da su. Haka sunan Dragmire da ake liƙa wa Ganondorf, daga ɗan littafin Turanci da ya zo da A Link to the Past ya fito.

Ba sai ka iya Japananci ba. Ka nemi fassarar masoya guda biyu da ba su kwafi juna ba, waɗanda suka ajiye rubutun asali a gefe. Idan sun saɓa, ka faɗa wa mai karatu sun saɓa. Fassarar na'ura kada ka dogara da ita a kan jimla mai sarƙaƙiya.

6. Ka jera zamunna a takarda

Sai yanzu za ka zana layi. Bisa Hyrule Historia, Skyward Sword ne farko. Bayan Ocarina of Time layin ya rabu uku: inda aka kayar da jarumi, wanda ya kai ga A Link to the Past, inda ya koma yaro, wanda ya kai ga Twilight Princess, da inda ya bar duniyar girmansa babu jarumi, wanda ya kai ga The Wind Waker. Ganondorf na Ocarina da na Twilight Princess da na Wind Waker mutum ɗaya ne. Na Four Swords Adventures na 2004 kuwa, wanda ya karya dokar ƙabilarsa ya shiga wani ginin dala ya ɗauko mashi mai baki uku, sabuwar haihuwa ce bayan mutuwar wancan. Ka ja layi a ƙarƙashin wannan, domin ya nuna kamfanin ya riga ya yarda ana iya samun Ganondorf fiye da ɗaya.

Hattara: suna ɗaya ba ya nufin mutum ɗaya. Rauru na Ocarina dattijo ne mai siffar mutane, Rauru na Tears of the Kingdom ɗan ƙabilar Zonai ne, a Zelda II ma sunan gari ne. Yaƙin da aka kulle Ganon a A Link to the Past da na Tears of the Kingdom sunansu ɗaya, amma waɗanda suka yi su da yadda suka ƙare ba ɗaya ba ne. Nintendo na son maimaita suna, kuma wannan tarkon ya fi kowanne kama sababbin shiga.

7. Ka rubuta hasashen a jimla guda, sannan ka yi ƙoƙarin rushe shi

Idan ba za ka iya faɗin ra'ayinka a numfashi ɗaya ba, bai nuna ba tukuna. A ce ka rubuta: "Ganondorf na Tears of the Kingdom shi ne na farko, ya rayu bayan Skyward Sword kuma kafin Ocarina."

Ka jero abin da ke goya masa baya. An kira Rauru sarkin farko. A wurin mubaya'ar nan, cikin matan da ke durƙushe a bayan Ganondorf akwai biyu da masoya suka gane Koume da Kotake ne da ƙuruciyarsu, kuma ka riga ka rubuta cewa shekarunsu sun kai ɗaruruwa a Ocarina. Kunnuwansa ma zagayayyu ne irin na Gerudon da, ba masu tsini irin na zamanin Breath of the Wild ba. Maganar ta fara daɗi.

Yanzu ka juya takardar ka zama abokin gabar kanka. Idan wannan yana ɗaure a ƙarƙashin fada tun farko, to na Ocarina ya yi ta yawo a sama alhali wani Ganondorf yana kwance a ƙasa da rai? Sannan fadar Hyrule ta rushe a Ocarina, ruwa ya shanye ƙasar a Wind Waker, duk ɗaurin bai motsa ba? Ga kuma Rito, mutanen tsuntsaye: Wind Waker ya nuna daga Zora, mutanen ruwa, suka fito, can bayan Ocarina, amma ga su a tsaye tare da Rauru a yaƙinsa. Uku ke nan, kuma ko wanne yana da nauyi.

Sai ka gwada kishiyarsa: Hyrule ta taɓa rushewa gaba ɗaya bayan tsofaffin wasannin, Rauru ya sake kafa ta, don haka wannan Ganondorf na baya ne. Wannan ya warware matsalar Rito da ta mutum biyu a lokaci guda. Fujibayashi, daraktan Tears of the Kingdom, ya ambata a wata hira ta 2023 cewa yiwuwar an yi rushewa kafin kafuwar tana nan. Yiwuwa ya ce, bai ce haka ne ba, kada ka ƙara masa gishiri. A 2024 kuma, a bikin Nintendo Live na birnin Sidni, jadawalin da kamfanin ya kafa ya ware Breath of the Wild da Tears of the Kingdom gefe guda, bai haɗa su da ko wane reshe ba.

Ni dai na fi karkata ga na biyun, domin abin da yake buƙatar a ƙirƙiro bai kai na farkon ba. Wannan shi ne ma'aunin da za ka riƙe: ka ƙirga sau nawa ka ce "wataƙila" kafin hasashen ya tsaya da ƙafarsa. Amma Koume da Kotake suna nan suna yi masa ƙaiƙayi, sai an ce su ma an sake haifo su ne, kuma wannan "wataƙila" ce babba. Ka rubuta ta yadda take.

Hattara: maganar Demise tana da santsi. Da yawa sukan ce Ganondorf shi ne Demise da ya dawo, su rufe littafi. Abin da aka faɗa a wasan ƙiyayya ce mai dawowa, ba a ambaci sunan Ganondorf ba. Kuma idan ka ɗora komai a kan bakin da Demise ya yi, ka share mutumin da ya yi kwaɗayin iska, ka mayar da shi wanda ba shi da zaɓi. Wanda zai bi wannan hanya sai ya yi bayanin inda zai kai jawabin Wind Waker.

8. Rubutawa da sakewa

Ka fara da gargaɗin wasannin da za ka tona. Sai tambayar, sai amsarka a jimla guda, sai hujjoji daga mafi ƙarfi zuwa mafi rauni, kowace da hotonta da sunan wasan. Matsalolin da ka gano ka kawo su da kanka kafin wani ya kawo maka. Harshenka ya riƙa bambancewa: "wasan ya nuna", "Nabooru ta ce", "littafin ya rubuta", "ni ina ganin". Mai karatu ya san a kowane layi a kan me yake tsaye.

Kafin ka saki, ka bincika ko wani ya riga ka. A jeri mai shekaru irin na Zelda, da wuya ka zo da abin da ba a taɓa tunani ba. Idan ka tarar an yi, ka ambaci mai shi, ka nuna abin da ka ƙara. Ka kuma ba wa mutum biyu su karanta: wanda ya san wasan zai kama maka kuskure, wanda bai san shi ba zai nuna maka inda ka yi tsalle.

Idan bidiyo za ka yi, ƙa'idar da Nintendo ta fitar tun 2018 ta yarda a yi amfani da hotunan wasanta muddin ka sa sharhinka ko ƙirƙirarka a kai. Ɗora gutsuren wasa tsurarsa babu ko kalma taka bai shiga ciki ba.

Ka sa kwanan wata a jikin rubutun tare da sunan wasa na ƙarshe da ka duba. Duk ranar da sabon wasa ko sabon littafi ya fito, ka buɗe littafinka mai layi huɗu, ka ƙara sababbin shaidu, ka koma mataki na 4 ka sake yi musu alama, sannan ka rubuta gyaran a ƙasan tsohon rubutun ba tare da ka goge shi ba.